Lambar 4,294,967,297: a wane rukuni take, kuma me ya sa masana lissafi suke yawan ambatonta?

Wani mai karatu ya ce ya ci karo da lambar 4,294,967,297 a wani darasin lissafi, inda aka kawo ta a matsayin misalin lambar da ta yaudari manyan masana, amma ba a yi masa bayanin yaudarar ba. Yana so a fayyace masa siffofinta da rukunonin da take shiga, a kuma nuna masa yadda ake tabbatar da su ba tare da dogaro da na'ura kaɗai ba.

Malam mai tambaya, idan za a karanta wannan lamba da baki, ita ce biliyan huɗu da miliyan ɗari biyu da casa'in da huɗu da dubu ɗari tara da sittin da bakwai da ɗari biyu da casa'in da bakwai. Alƙalumanta goma ne, kuma da mutum zai ƙirga ta ɗaya bayan ɗaya, kowace lamba a daƙiƙa guda, ba dare ba rana, da sai ya shafe shekaru 136 da 'yan kai kafin ya gama. Amma ba girmanta ne ya sa ta yi suna ba. Kusan duk abin da za a faɗa a kanta yana fitowa ne daga hanyoyi biyu na rubuta ta. Ta farko ita ce 2^32 + 1, wato a jera lambar 2 har guda 32, a ninka su gaba ɗaya, sannan a ƙara ɗaya. Ta biyu ita ce 641 × 6,700,417. Rubutu na farko yana sa a yi mata kallon lambar da ba ta rabuwa, na biyu kuma yana nuna cewa tana rabuwa, kuma an yi shekaru sama da casa'in tsakanin lokacin da aka yi hasashe a kan na farko da lokacin da aka gano na biyu.

A duk bayanin nan, lambar da ta fi ɗaya, wadda babu mai raba ta ba tare da saura ba sai 1 da ita kanta, kamar 2 da 3 da 5 da 7 da 11, zan kira ta gagara-rabo. Wadda take da wani mai raba ta bayan waɗannan biyun kuwa haɗaɗɗiya ce.

Abubuwan da ido yake iya gani ba su da yawa. Lambar mara ce, tunda ta ƙare da 7, kuma wannan ƙarshen ya nuna cewa 5 ba ta raba ta. Jimillar alƙalumanta 59 ce, don haka idan aka raba ta da 3 saura 2, idan aka raba ta da 9 saura 5. Rabawa da 7 tana barin 5, haka ma rabawa da 11. Ba murabba'in wata lamba ba ce, wato ba sakamakon ninka wata lamba da kanta ba ce, domin 65,536 × 65,536 yana ba da 4,294,967,296, wato ita ba ɗaya, murabba'in da ke biye kuma ya wuce ta da nisa. Ba ta cikin lambobin da ake samu ta hanyar tara 1 da 2 da 3 har zuwa wani wuri, irin su 6 da 10 da 15, domin babu ɗaya daga cikin irin waɗannan da take ƙarewa da 7. Ya kamata a lura cewa wasu siffofin na rubutu ne kawai. Adadin alƙaluma da jimillarsu sun dogara ne a kan ƙirgar goma-goma da muka saba da ita. A ƙirgar biyu-biyu ta kwamfuta, lambar tana zama 1, sai sifili 31, sai 1 a ƙarshe, ta yadda ko ta dama ko ta hagu aka karanta ta abu ɗaya ne, alhali a ƙirgar goma-goma ba haka take ba. Ni ban cika ba irin waɗannan siffofi muhimmanci ba, domin da an sauya tsarin ƙirga sai su ɓace. Masu raba lamba kuwa suna nan yadda suke ko da wane tsari aka rubuta ta.

Rukunin da ya fi muhimmanci shi ne na lambobin Fermat. Pierre de Fermat, masanin shari'a ɗan ƙasar Faransa wanda lissafi ya kasance aikin sha'awarsa, ya lura cewa idan ana so 2^m + 1 ta zama gagara-rabo, to dole m kanta ta kasance cikin jerin 1, 2, 4, 8, 16, 32 da sauransu. Dalili shi ne, da zarar wata lamba mara da ta fi ɗaya ta raba m, to sakamakon yana rabuwa. Misali, 2^12 + 1 ita ce 4,097, kuma tunda 12 = 4 × 3, to 2^4 + 1, wato 17, tana raba ta, a sami 17 × 241. Da Fermat ya bi jerin da ya rage, sai ya sami 3, 5, 17, 257 da 65,537, waɗanda a yau ake yi musu laƙabi da F0 zuwa F4, kuma dukkansu gagara-rabo ne. A shekarar 1640 ya bayyana a wasiƙunsa cewa yana da yaƙinin duk lambobin jerin haka suke, ko da yake ya amince ba shi da cikakkiyar hujja. Lambar da ka kawo ita ce ta shida a jerin, wato F5, kuma ita ce ta farko da ta fi ƙarfin gwaji mai sauƙi da hannu.

Wahalar gwajin a bayyane take. Don a tabbatar lamba gagara-rabo ce ta hanyar da aka saba, sai an gwada raba ta da duk gagara-rabon da ba su wuce tushen murabba'inta ba. Tushen murabba'i shi ne lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da wadda ake dubawa. A nan iyakar ita ce 65,536, kuma akwai gagara-rabo 6,542 a ƙasa da ita. Rabawa dubu shida da ɗari biyar da 'yan kai, kowace da lamba mai alƙaluma goma, ba aikin da mutum zai yi da alƙalami cikin daɗin rai ba ne.

Christian Goldbach ne ya ja hankalin Leonhard Euler zuwa ga wannan hasashe a wata wasiƙa ta ƙarshen shekarar 1729, lokacin Euler yana matashi a birnin Saint Petersburg na ƙasar Rasha. A 1732 Euler ya nuna cewa 641 tana raba lambar. Dabarar da take kai mutum ga 641 ita ce rage yawan lambobin da za a gwada, kuma ta cancanci a bi ta daki-daki. A ɗauka p gagara-rabo ce da take raba 2^32 + 1. Wannan yana nufin idan aka raba 2^32 da p, saurar ita ce p ba ɗaya, ko a taƙaice −1. Idan aka ninka wannan da kansa, 2^64 za ta bar saura 1. To idan ana ninka 2 da kanta ana duba saura, zagayen farko da zai dawo da 1 dole tsawonsa ya raba 64, kuma ba zai raba 32 ba tunda a 32 saurar −1 ce, saboda haka tsawonsa 64 ne cif. A ɗaya ɓangaren akwai ƙa'idar da ake kira ƙaramar ƙa'idar Fermat, wadda ta ce ga kowace gagara-rabo mara p, lambar 2^(p − 1) tana barin saura 1 idan aka raba ta da p. Haɗa biyun yana tilasta 64 ta raba p − 1. Ke nan duk mai raba lambarmu dole ya kasance ninkin 64 da ƙarin ɗaya.

Jerin irin waɗannan shi ne 65, 129, 193, 257, 321, 385, 449, 513, 577, 641 da abin da ya biyo baya. Idan aka cire haɗaɗɗu, abin da ya rage a farkon jerin shi ne 193, 257, 449, 577 da 641. A gwaji na biyar ake dacewa. A 1878 Édouard Lucas ya ƙara matse sharaɗin, ya nuna cewa mai rabawar dole ya zama ninkin 128 da ƙarin ɗaya, wanda ya bar 257 da 641 kaɗai a farkon jerin. Ita 257 ma ba ta buƙatar gwaji, saboda dalilin da zan kawo nan gaba.

Abin mamaki a nan shi ne makamin da ya rushe hasashen na Fermat ne da kansa, kuma ya san yadda ake amfani da shi. A shekarar 1640 ɗin nan ya yi amfani da irin wannan dabara ya gano cewa 223 tana raba 2^37 − 1, lambar da ta fi wadda muke magana a kai girma. A ganina abin da ya fi kusa da hankali shi ne ko dai bai zauna ya yi rabawar ba saboda yaƙinin da yake da shi, ko kuma ya yi ta amma wani alƙalami ya kuɓuce masa a hanya.

Akwai gajeriyar hujja da za ka iya bi da kanka ba tare da doguwar rabawa ba, kuma ta dogara ne a kan cewa ana iya rubuta 641 ta hanya biyu. Ta farko, 641 = 5 × 128 + 1, wato 5 × 2^7 tana barin saura −1 idan ana rabawa da 641. Idan aka ninka wannan da kansa har sau huɗu, 5^4 × 2^28 za ta bar saura 1, domin −1 guda huɗu idan aka ninka su suna ba da 1. Ta biyu, 641 = 625 + 16, wato 5^4 + 2^4, wanda yake nufin ta fuskar saura 5^4 daidai take da −2^4. Idan aka sa −2^4 a gurbin 5^4, sai a ga −2^32 tana barin saura 1, wato 2^32 tana barin −1, ke nan 2^32 + 1 ba ta barin komai. Wanda ya fi son ninkawa kai tsaye kuma zai iya yin haka: 6,700,417 sau 600 ya ba da 4,020,250,200, sau 40 ya ba da 268,016,680, sau ɗaya kuma ita kanta, jimillar ukun ita ce 4,294,967,297.

Saura a tabbatar cewa 6,700,417 ba ta ƙara rabuwa. Tushen murabba'inta yana tsakanin 2,588 da 2,589, kuma duk mai raba ta yana raba babbar lambar, don haka sharaɗin Lucas ya hau kansa. Ninkin 128 da ƙarin ɗaya da ke ƙasa da 2,589 guda ashirin ne, kuma biyar kaɗai ne gagara-rabo a cikinsu, wato 257, 641, 769, 1,153 da 1,409. Idan aka ajiye 257, rabawa da 641 tana barin 44, da 769 tana barin 120, da 1,153 tana barin 334, da 1,409 kuma tana barin 622. Rabawa huɗu sun isa su tabbatar cewa lamba mai alƙaluma bakwai gagara-rabo ce.

Da zarar an sami wannan rarrabuwa, sauran rukunonin suna fitowa da sauri. Lambar haɗaɗɗiya ce, kuma tana cikin rukunin waɗanda gagara-rabo biyu kacal suka haɗu suka ba da su. Babu murabba'in da yake raba ta in ban da 1, tunda biyun sun bambanta. Masu raba ta huɗu ne, wato 1, 641, 6,700,417 da ita kanta, kuma jimillarsu 4,301,668,356. Akwai tsohon rabe-rabe da aka gada tun daga masanan Girka, inda ake tara masu raba lamba ban da ita kanta, a kwatanta da ita. Idan jimillar ta yi daidai da lambar, kamar 6 da 28 da 496, kammalalliya ce, idan ta wuce ta mai rara ce, idan ta gaza kuma mai giɓi ce. A nan jimillar 6,701,059 ce, wadda ba ta kai ko kashi ɗaya cikin ɗari shida na lambar ba, saboda haka mai giɓi ce ƙwarai. Adadin lambobin da ke ƙasa da ita waɗanda ba su haɗa wani mai rabawa da ita ba shi ne 640 × 6,700,416, wato 4,288,266,240, fiye da kashi 99.8 cikin ɗari na dukkansu. Wannan adadi shi yake bayyana dalilin da ya sa gwajin kan mai uwa da wabi ba ya kama ta, domin a cikin kowace lamba 641 da aka ɗauko, kusan guda ɗaya ce kaɗai take da alaƙa da ita.

Yaudarar da darasinka ya ambata ta fi fitowa fili a rukuni na gaba. Ƙaramar ƙa'idar Fermat tana ba da gwaji mai sauƙi, wato a ɗauki lamba n, a lissafa saurar 2^(n − 1) idan aka raba da n, in ba a sami 1 ba to tabbas n haɗaɗɗiya ce. Matsalar ita ce samun 1 ba ya tabbatar da komai, domin akwai haɗaɗɗun da suke tsallake gwajin, mafi ƙanƙantarsu ita ce 341, wato 11 × 31. Lambarmu tana cikin waɗannan, kuma ba bisa tsautsayi ba. Mun riga mun ga cewa 2^32 tana barin −1, 2^64 kuma tana barin 1. A nan n − 1 ita ce 2^32, wadda 64 take raba ta, don haka 2^(n − 1) tarin zagaye ne cikakku na 64, kuma dole saurar ta zama 1. Wannan hujjar ba ta taɓa maganar masu raba lambar ba ko kaɗan, ma'ana kowace lambar Fermat za ta tsallake gwajin, gagara-rabo ce ko haɗaɗɗiya. Har gwajin Miller da Rabin, wanda ya fi wannan tsauri kuma manhajojin kwamfuta suke amfani da shi, idan da 2 kaɗai aka yi shi, lambar tana wucewa. Kama da wane ba ta wane, kuma gwaji da 2 ba shi da ikon bambance su a wannan dangi.

Da an sauya 2 da 3 sai asiri ya tonu. A 1877 Théophile Pépin ya kawo gwaji na musamman ga lambobin Fermat, wanda a sigar da ake amfani da ita yau ake farawa da 3, a ninka ta da kanta, a ninka sakamakon da kansa, ana ɗaukar saura duk lokacin da aka wuce lambar. Ana samun 9, sai 81, sai 6,561, sai 43,046,721, daga nan sai a fara ragewa. Ga F5 ana yin haka sau 31, kuma lambar gagara-rabo ce idan an ƙare a kan 4,294,967,296, wato −1, in ba haka ba haɗaɗɗiya ce. Abin da ake samu shi ne 10,324,303. Wannan gwaji yana yanke hukunci ba tare da ya nuna ko mai rabawa ɗaya ba, wanda yake nufin sanin cewa lamba tana rabuwa daban, sanin masu raba ta kuma daban. Faɗuwa a gwajin 3 ya kuma fitar da ita daga rukunin lambobin Carmichael, irin su 561, waɗanda suke tsallake gwajin Fermat da duk wata lambar da ba su haɗa mai rabawa da ita ba. Dama irin waɗannan sai da gagara-rabo uku ko fiye suke samuwa, ita kuwa biyu gare ta.

Siffar da ta fi burge ni ita ce ta jimillar murabba'i biyu. A bayyane yake cewa lambar ita ce 65,536^2 + 1^2. Akwai ƙa'idar da Fermat ya faɗa, Euler ya tabbatar, cewa duk gagara-rabon da take barin saura 1 idan aka raba ta da 4 ana iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i biyu, kuma ta hanya ɗaya tak. Lambarmu tana barin saura 1 a rabawa da 4, don haka da gagara-rabo ce da babu wata hanya bayan wadda muka gani. Amma akwai ta biyu, wato 62,264^2 + 20,449^2. Murabba'in farko 3,876,805,696 ne, na biyu 418,161,601, kuma jimillarsu tana komawa kan lambar daidai. Asalin hanyoyin biyu yana cikin masu raba ta, domin 641 = 25^2 + 4^2, sannan 6,700,417 = 2,556^2 + 409^2. Idan aka ninka 25 da 2,556 ana samun 63,900, 4 da 409 kuma 1,636, waɗanda tara su yake ba da 65,536, ɗebe su kuma 62,264. Haka nan 25 sau 409 shi ne 10,225, 4 sau 2,556 kuma 10,224, bambancinsu 1, jimillarsu 20,449. Ana iya bin hanyar ta baya ma. Wanda aka ba shi rubutun biyu kaɗai, sai ya ɗebe 62,264 daga 65,536 ya sami 3,272, ya ɗebe 1 daga 20,449 ya sami 20,448, babban mai raba su biyun shi ne 8. Idan ya tara su maimakon ɗebewa zai sami 127,800 da 20,450, babban mai raba su 50. Rabin 8 da rabin 50 su ne 4 da 25, waɗanda murabba'ansu suke haɗuwa su ba da 641.

Ta fuskar bambancin murabba'i biyu kuwa, lambar ita ce 3,350,529^2 − 3,349,888^2. Fermat yana da wata hanyar rarraba lambobi da take neman irin wannan bambanci mataki-mataki daga tushen murabba'i, amma tana sauri ne kawai idan masu rabawar suna kusa da juna. A nan tazararsu ta yi yawa, ta yadda daga 65,537 zuwa 3,350,529 sai an taka mataki fiye da miliyan uku.

Maƙwabtanta biyu na ƙasa suna ƙara haske a kanta. Idan aka ɗebe mata 2 ana samun 4,294,967,295, wadda ita ce 3 × 5 × 17 × 257 × 65,537, wato duk lambobin Fermat biyar da suka gabace ta an ninka su. Wannan doka ce ta jerin gaba ɗaya, kowace lamba ita ce ninkin duk waɗanda suka gabace ta da ƙarin 2. Daga nan ne dalilin ajiye 257 ya fito, domin duk abin da ya raba lambarmu kuma ya raba wata ta baya dole ya raba 2, alhali dukkansu mara ne. Goldbach ya lura da wannan a 1730, kuma yana ba da hujja mai sauƙi cewa gagara-rabo ba su da iyaka, tunda kowace lambar Fermat tana zuwa da nata masu rabawa da ba a taɓa gani a jerin ba. Gudummawar F5 ita ce 641 da 6,700,417.

Wannan ya shafi ilimin zane ma. A 1796 Carl Friedrich Gauss ya gano cewa ana iya zana siffa mai ɓangarori 17 daidai wa daida da rula marar awo da kamfas kaɗai, a 1801 ya bayyana sharaɗin gaba ɗaya, Pierre Wantzel kuma ya cike ragowar hujjar a 1837. Sharaɗin shi ne adadin ɓangarorin ya kasance ninkin biyu-biyu irin su 4 da 8 da 16, ko gagara-rabon Fermat mabambanta da aka ninka, ko haɗin biyun. Bisa wannan, siffa mai ɓangarori 4,294,967,295 tana zanuwa a ƙa'ida, kuma ita ce mafi girma da aka sani a cikin masu adadi mara, waɗanda 31 ne kacal aka sani. Mai ɓangarori 4,294,967,296 ma tana zanuwa, tunda raba kusurwa biyu ne ake ta maimaitawa. Mai 4,294,967,297 kuwa ba ta zanuwa, saboda 641 ba ta cikin jerin Fermat. Da hasashen 1640 ya tabbata, da su ukun a jere sun zanu.

A harkar kwamfuta iyakar da ake yawan cin karo da ita tana nan kusa. Ma'ajiya mai bit 32, wato alƙaluma 32 na ƙirgar biyu-biyu, tana ɗaukar lambobi daga sifili zuwa 4,294,967,295, kuma wannan ne ya sa tsohon tsarin adireshin intanet na IPv4 yake da gurabe 4,294,967,296. Lambarmu tana buƙatar bit 33, don haka idan aka tura ta cikin irin wannan ma'ajiya a tsarin da yake zubar da abin da ya yi rara, 1 kawai za ta rage. Tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda aka fitar a 1977, yana dogara ne a kan lambobi irin rukuninta, masu gagara-rabo biyu, sai dai nasa suna da ɗaruruwan alƙaluma kuma ana zaɓar biyun su yi kusan girma ɗaya. Lamba mai ƙaramin mai rabawa kamar 641 ba ta da amfani a wannan aiki. Wadda ta gabace ta a jerin, 65,537, ita ce aka fi amfani da ita a matsayin ɓangaren mabuɗin da ake bayyanawa a tsarin.

Bayan F5 ma jerin bai ba da gagara-rabo ko ɗaya da aka sani ba. F6, wato 18,446,744,073,709,551,617, ita ce 274,177 × 67,280,421,310,721, rarrabuwar da Fortuné Landry ya sanar a 1880. F7 sai a 1970 Michael Morrison da John Brillhart suka rarraba ta da kwamfuta, F8 a 1980 ta hannun Richard Brent da John Pollard, F9 kuma a 1990. Daga F5 zuwa F11 an san masu raba su gaba ɗaya. Daga F5 har F32 an tabbatar dukkansu haɗaɗɗu ne, kuma F20 da F24 gwajin Pépin ne ya yanke musu hukunci ba tare da fitar da mai rabawa ba. Yawancin masana a yau suna kyautata zaton cewa biyar ɗin farko su ne kaɗai gagara-rabo a jerin, saboda lambobin suna girma da saurin da yake sa yiwuwar dacewa ta yi ƙasa ƙwarai, amma wannan ma hasashe ne da ba a kafa masa hujja ba. Ƙaramar lamba a jerin da har yanzu ba a yanke mata hukunci ba ita ce F33, wadda alƙalumanta suka haura biliyan biyu da rabi.